Ɗan Ci-rani Ba Ya Sayar Da Gonarsa: Tsokaci Kan Ma'aikatan Lafiyarmu Da Ke Ƙetare

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wata tambaya da wata tsohuwa ta yi mini a nan Dawanau, wadda har yanzu nake juya ta a raina. Tsohuwar yayar mahaifiyata ce, Inna muke ce mata. Ɗanta, wanda ƙane yake a wurina, ya yi shekara takwas yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti mai zaman kansa a ƙasar Saudiyya. Shi ya rufe mata ɗaki da kwano, shi ya kai ta aikin Hajji, shi ke biyan kuɗin makarantar marayu uku da yayarsa ta rasu ta bari, kuma kowace damina shi ke aiko da kuɗin taki. A cikin shekarar 2025, wata rana bayan sallar isha'i, ya kira ni a waya ya ce: "Yaya, ka taimaka ka lallaɓi Inna ka sanar da ita, sun ce ba za su sabunta mini kwantiragi ba." Da gari ya waye na je na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa mata. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce: "Wani laifi ya yi musu?" Na ce: "Bai yi laifin komai ba, Inna." Sai ta ce: "To in babu laifi, ciwon ne ya ƙare a ƙasar tasu?"

Tambayar Inna ita ce tunanin mafi yawanmu. Mun daɗe da sakankancewa cewa duk wanda ya karanci aikin lafiya, kuma Allah ya nufe shi da tsallakawa ƙetare, to ya hau tudun mun tsira, domin komai tsananin da duniya ta shiga ba za a daina ciwo da haihuwa ba. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, aikin ƙetare ci-rani ne, ko da kuwa da farar riga ake yin sa. Ɗan ci-rani na ƙwarai yakan fita ne bayan an gama kaka, ya nemo abin da Allah ya rubuta masa, idonsa na kan gabas yana duban hadari, kuma komai daɗin garin da ya je ba ya sayar da gonarsa.

Ciwo Bai Ƙare Ba, Kuɗi Ne Suka Ja Baya

Bari mu fara da amsa wa Inna tambayarta. A tsakiyar shekarar 2014 ana sayar da gangar ɗanyen mai sama da Dala 110. A watan Janairu na 2016 ta faɗo ƙasa da Dala 30. Saudiyya, wadda mafi yawan kuɗin shigarta daga mai suke, ta samu giɓin Riyal biliyan 367 a kasafin kuɗinta na 2015. A watan Satumba na 2016 gwamnatin ta zabtare alawus-alawus na ma'aikatanta, ta kuma rage kashi 20 cikin ɗari na albashin ministoci. Manyan kamfanonin gine-gine irin su Saudi Oger da kamfanin Binladin suka sallami dubban ma'aikata baƙi, da yawa daga cikinsu suna bin bashin albashin watanni.

Mai karatu zai ce ai waɗannan magina ne da leburori. To amma guguwar ba ta tsaya a kansu ba. A cikin wannan wata na Satumban 2016, likitoci da ma'aikatan jinya na asibitin ƙwararru na Sa'ad da ke birnin Khobar, wanda a lokacin yana cikin asibitocin kuɗi mafi shahara a ƙasar, suka ajiye aiki saboda watanni da aka kwashe ba a biya su ba, alhali kuwa ƙasa ce da ba a saba ganin yajin aiki a cikinta ba. Kamfanin da ya mallaki asibitin yana fama da bashi tun shekarar 2009, kuma daga bisani aka rufe asibitin gaba ɗaya. Marasa lafiya suna nan, ƙwararru suna nan, na'urori suna nan. Aljihun mai biyan albashi ne ya ƙafe.

Bayan wannan sai matakan tara kuɗin shiga suka biyo baya. Daga watan Yuli na 2017 aka ɗora wa baƙi masu aiki a wurare masu zaman kansu harajin Riyal 100 a kowane wata a kan kowane mutum ɗaya na iyalinsu, ana ƙara ɗari kowace shekara har ya kai Riyal 400 a 2020. Idan mai karatu ya lissafa, magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya Riyal 2,000 a wata, wato 24,000 a shekara, kafin ya biya haya ko kuɗin makaranta. Wannan ne ya sa da yawa suka maido iyalansu gida suka zauna gwauraye. An kuma shigo da harajin sayen kaya na kashi 5 cikin ɗari a 2018, aka ninka shi sau uku zuwa kashi 15 a Yulin 2020, lokacin da annobar korona ta sake karya farashin mai.

Sai kuma babban dalili, wato shirin mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa. Tun daga 2011 aka kafa tsarin da ake kira Niɗaƙat, wanda ya wajabta wa kowace ma'aikata mai zaman kanta ta ɗauki wani kaso na 'yan Saudiyya. A hankali tsarin ya iso asibiti: ya shiga aikin haƙori da na harhaɗa magunguna a 2020, sannan a watan Afrilu na 2025 aka ɗaga kason zuwa kashi 70 cikin ɗari a ɗakunan gwaje-gwaje, kashi 65 a sashen ɗaukar hoto, da kashi 80 a sashen gashin ƙashi. Wannan ne ya rutsa da ƙanena. Kafin shi, a tsakiyar 2021, ɗaruruwan likitoci da malaman jami'a 'yan Yaman da ke aiki a kudancin Saudiyya sun wayi gari da takardun sallama a hannunsu, wasu bayan shekaru masu yawa suna aiki.

Baƙo Raɓa Ne

Abin da ya kamata mu fahimta shi ne yadda aka gina aikin baƙo tun daga tushe. Takardar zamansa, wato iƙama, a ɗaure take da aikinsa. Ranar da aikin ya tsinke, an fara ƙirga masa kwanakin tattara komatsansa. Duk da sassaucin da aka yi wa tsarin kafala a watan Maris na 2021, wanda ya sauƙaƙa sauya wurin aiki, har yanzu sai ka samu wanda zai ɗauke ka kafin ka zauna. Baƙo ba shi da fansho a can. Abin da dokar ƙwadago ta tanadar masa shi ne kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Wanda ya yi shekara takwas ke nan zai tashi da albashin wata biyar da rabi, idan mai aikin yana da abin biya. Haihuwar ɗa a can kuma ba ta mayar da shi ɗan ƙasa.

Kada mai karatu ya zaci wannan halin Larabawa ne kaɗai. A shekarar 2006, lokacin da hukumar lafiya ta Ingila ta shiga ƙarancin kuɗi, gwamnatin ƙasar ta cire ƙananan ma'aikatan jinya daga jerin sana'o'in da ake nema daga waje, ta kuma soke damar da baƙin likitoci ke da ita ta samun horo ba tare da izinin aiki ba. Likitoci da dama, musamman 'yan Indiya, waɗanda suka kashe abin hannunsu suka ci jarrabawa, suka rasa tudun dafawa. A 2022 ƙasar ta buɗe ƙofa ga masu kula da tsofaffi da gajiyayyu, 'yan Nijeriya suka yi ta tururuwa, wasu har da sayar da filaye don biyan dillalai. A watan Maris na 2024 aka hana sababbin shiga tafiya da iyali, a watan Yuli na 2025 kuma aka rufe ɗaukar su daga waje. A can ma, idan kamfanin da ya ɗauko ka ya rasa lasisinsa, kwana 60 ake ba ka ka nemi wani ko ka fita.

Ban kawo waɗannan misalai don in zargi wata ƙasa ba. Kowace hukuma idan tukunya ta yi ƙaranci 'ya'yanta take fara zuba wa, kuma mu ma mun yi. Manyanmu suna tuna yadda asibitoci da makarantun Kano suka cika da likitoci da malamai 'yan Indiya da Fakistan da Masar da Filifin a zamanin da kuɗin mai ya bunƙasa. Da man ya faɗi a shekarun 1980, Naira ta karye bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sai suka watse ɗaya bayan ɗaya, namu ƙwararrun kuma suka bi bayansu zuwa Saudiyya, har gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamiti a 1988 don duba matsalar. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta bai wa baƙi marasa takardu mako biyu su bar Nijeriya, kusan mutum miliyan biyu suka fita, da yawa daga cikinsu 'yan Gana. Su kuma 'yan Gana sun riga sun yi mana irin haka a 1969 a zamanin Busia, lokacin da Hausawa da Yarbawa da aka haifa a zangunan Kumasi da Ankara suka ɗauko kaya a ka suka nufo ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba. Hausawa suka ce baƙo raɓa ne, kuma tarihi ya gaskata su.

Abin Da Masu Tafiya Za Su Ce

Na san akwai ɗan'uwa likita ko 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya da za su karanta wannan su ce: "Malam, wane tabbas ne a gidan da kake kira mu zuwa gare shi?" Wallahi tambaya ce mai ƙarfi, kuma adalci ne a saurare ta. A watan Agusta na 2021, ana tsakiyar yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa, ɗaruruwan likitocinmu suka yi layi a otal ɗin Sheraton da ke Abuja domin ganawa da wakilan ma'aikatar lafiya ta Saudiyya. Ba kwaɗayi ne ya kai su ba. Wasu suna bin albashi, wasu suna aiki a inda babu wuta babu safar hannu, wasu kuma an taɓa sace abokan aikinsu. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. A 2024 Dala ta haura Naira 1,500, wato Riyal guda ya kai kimanin Naira 400. A 2025 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci sama da 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar zuwa bakwai.

Haka nan gaskiya ne cewa duniya tana ƙishirwar ma'aikatan lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen ƙarancin sama da mutum miliyan 10 nan da 2030, kuma babban likita mai ƙwarewar da ba kowa ke da ita ba yakan daɗe ba a taɓa shi ba. Saboda haka ba na cewa kada a tafi, kuma ba na goyon bayan ƙudurin da aka kai majalisar wakilai a 2023 na hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a gida, domin ba a ɗaure mutum da igiya a inda ba a ciyar da shi. Neman halal a bayan ƙasa abu ne da shari'a ta halatta, kakanninmu fatake sun yi shi har Gwanja. Abin da nake cewa shi ne, buƙatar da duniya ke yi wa sana'arka daban, tabbacin kujerar da kake kai daban. Mafi yawan wancan ƙarancin ma a ƙasashe matalauta yake, inda babu kuɗin biya.

Darasin Zangarniya

A cikin Suratu Yusuf, daga aya ta 47 zuwa ta 49, Allah ya ba mu labarin shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya bai wa mutanen Masar: su yi noma shekara bakwai a jere, abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa in ban da ɗan abin da za su ci, domin shekaru bakwai masu tsanani suna tafe. Duk manomin da ke tsakanin Dawanau da Bichi ya san hikimar wannan, domin geron da aka ɗaure dami aka jera a rumbu ba tare da an sussuka ba ya fi daɗewa ƙwari ba su ci shi ba, kuma hannu ba ya saurin kai masa. Abin lura kuma, wanda ya ba da shawarar shi kansa baƙo ne a ƙasar, kuma babu wanda ya kai Annabawa dogaro ga Allah. Ashe tanadi ba ya cin karo da tawakkali. Imamu Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wani mutum da ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah.

To, mece ce zangarniyar ma'aikacin lafiya? Ta farko ita ce lasisinsa na gida. Da yawa da zarar sun tafi sai su daina sabunta rajistarsu da hukumar da ke kula da sana'arsu a Nijeriya, sai ranar dawowa su tarar da tarin bashi da zirga-zirga, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ta biyu ita ce ƙarin ilimi, domin idan aka zo rage ma'aikata, wanda aikinsa kowa zai iya da shi ake farawa. Ta uku, ya karanta kwantiraginsa da kyau, ya san haƙƙinsa na sallama, ya adana takardun shaidar aiki tun yana cikin daɗi da masu gidansa. Ta huɗu, ya nisanci bashin banki da ake tallata wa masu albashi. Ban da haɗarin riba a addini, bashi kan iya hana mutum fita daga ƙasar bayan aikin ya tafi, ya zama ba shi a can ba shi a nan. Ta biyar, ya ware kuɗin da zai riƙe gidansa aƙalla shekara guda babu albashi, sauran kuma ya sa a abin da ke haihuwa, kamar gona ko kiwo ko jari, kafin ya fara benen da zai tsaya a linta.

Haƙƙin Da Ke Kan Na Gida

Mu da muke gida ma muna da namu laifin. Da zarar ɗan'uwa ya tsallaka sai mu mayar da shi rijiya gaba dubu: biki shi, suna shi, gudummawar siyasa ma shi. Wani a aiko masa kuɗin fili ya kai su wani wuri, ya riƙa turo hoton filin maƙwabci. Wannan cin amana ne, kuma daidai yake da mutanen gida su dafa irin shuka su cinye tun kafin ruwa ya sauka. Wanda ke karɓar saƙo daga ƙetare ya sani cewa gumin kwanan asibiti ne, kuma Allah zai tambaye shi.

Hukuma kuma, tun da ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a watan Agusta na 2024, to a gani a ƙasa: wanda ya dawo da ƙwarewar shekara goma a karɓe shi a matakin da ya dace da shi, kada a mayar da shi sahun wanda ya gama bautar ƙasa jiya.

Kirana na musamman yana ga attajiranmu na kasuwar Dawanau. Kullum muna ganin tireloli suna lodin riɗi da zoɓo da wake da waken suya zuwa Legas da Nijar da ƙasashen ƙetare, amma mace mai naƙuda a ƙauyukan Dawakin Tofa sau da yawa sai an ɗauko ta zuwa cikin birni. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma ta rasa mai tsayuwa da su duk ta yi laifi. Magabata da waƙafi suka riƙe wannan farilla: asibitin Nuruddin a Dimashƙa, wanda aka gina a 1154, da na Sarki Ƙalawun a Alƙahira na 1284, da kuɗin kadarorin da aka tsayar dominsu suka yi ɗaruruwan shekaru suna biyan likitoci. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Da 'yan kasuwa goma za su tsayar da hayar sito ɗaya-ɗaya waƙafi ga wani asibiti a wannan yanki, da sun samar wa talaka magani, sun kuma samar wa ɗan ci-ranin da ya dawo wurin da zai ajiye jakarsa.

Kammalawa

Ƙanena ya dawo gida kafin ƙarshen 2025. Benen da ya fara yana nan babu rufi, kuma sai da ya sha wahala kafin ya daidaita takardunsa ya samu ɗan aiki a wani ɗakin gwaji a cikin Kano, wanda albashinsa bai kai rubu'in na da ba. Amma akwai gonar gado da ya so ya sayar shekara uku da suka wuce don ya ƙarasa ginin, Inna ta ce muddin tana numfashi ba za a sayar ba. A lokacin ya yi fushi, har ni ya turo in roƙe ta, kuma na roƙa. Yau daga wannan gonar ake auno abin da gidan ke ci, marayun nan uku kuma ba a cire su daga makaranta ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa da ke Riyad ko Jidda ko Landan, idan kwantiraginka na nan daram, ka gode wa Allah, ka yi aikinka da amana, ka kyautata wa marasa lafiyar da aka damƙa maka. Amma idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada ya ɗauka arzikinsa ya yanke, domin wanda ya ciyar da shi a can shi ne Ubangijin nan.

Allah ya tsare mana 'yan'uwanmu a duk inda suke, ya sa albarka a abin da suke samu, ya gyara mana ƙasarmu yadda ɗan ci-rani zai yi marmarin dawowa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, Allah ya yafe mini.